Girman haruffa da tazara a manhajar kwamfuta

Aikin da ya ci mini lokaci a wannan makon shi ne daidaita girman haruffa da tazarar layuka a wata manhajar lissafin kayan shago da ke aiki a kan Windows. Rubutun da aka sa masa poyint 9 (poyint shi ne ma'aunin girman haruffa) yana ɗaukar fiksel 12 (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoton allo) idan ma'aunin girman abubuwan da ke kan allo yana kan kashi 100, amma da zarar mai kwamfutar ya ɗaga ma'aunin zuwa kashi 150, sai ya koma fiksel 18, alhali maɓallan cikin manhajar da aka ƙayyade wa tsayi suna nan yadda suke. Nan na ga saman ƙ da ɗ da ɓ yana yankewa, har ɗ ta yi kama da d.

Na bar tsayin maɓallan ya riƙa bin girman rubutun, na kuma mayar da kowace tazara ninkin fiksel 4. Teburin farashi ne ya fi wahala, domin mai shago yana son ganin layuka da yawa a lokaci guda, ni kuwa a ganina cunkoson lambobi shi ke jawo kuskuren karatu, don haka na rage kaurin layukan da ke raba su, na ƙyale haruffan da girmansu.