Inda na kai a koyon hoto: wace kyamara zan ce su saya?

'Yan'uwa masu koyo, tun da hannuna ya fara faɗawa a ɗaukar hoto, 'yan gida da abokai suka mai da ni mai ba da shawara. Tambayar kowa ɗaya ce: wace kyamara ce mai sauƙin kuɗi da za ta yi wa ɗan koyo? Ga inda tunanina ya tsaya a yanzu.

Ba na kama sunan kowace kyamara sai na ji abin da mutum zai riƙa ɗauka. Ƙanwata yaranta take so ta kama suna guje-guje a ɗaki, abokina kuwa tsuntsaye ne a ransa. Wanda ya ce shi dai hoton turawa a waya yake so, ce masa nake ya riƙe kuɗinsa, wayarsa ta ishe shi.

Ga wanda ya yi niyyar koyo da gaske, uku nake ambata: Nikon D3500 da Canon EOS 2000D, dukkansu na 2018, sai Sony a6000 ta 2014, wadda ba ta da madubi a cikinta irin na waɗancan biyun. Kowacce tana da megafiksel wajen 24 (wato ɗigo miliyan 24 ke haɗa hotonta) da sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, mai girman da ake kira APS-C, wadda ta ninka ta waya sau da yawa. Sony ta fi ƙanƙanta da saurin kama abin da ke motsi, amma batirinta hoto wajen 360 yake kaiwa, alhali na Nikon yana kai 1,550 bisa gwajin kamfani. Mai yini a waje kuwa ya san muhimmancin wannan.

Batun megafiksel ba na bari ya ci mana lokaci. Hoto mai inci 4 da 6 megafiksel 2 da ɗoriya yake bukata ya fito tas, na girman takardar A4 ma bai kai 9 ba.

Inda na fi dagewa shi ne gilashin gaba, wato lens, domin nan na ga canji da idona. Wanda ke zuwa da Nikon da Canon, 18-55mm, ba shi da laifi da rana. Amma in ka jawo shi zuwa 55mm, idonsa ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (duk ƙanƙantar lambar bayan f, ido ya fi buɗewa), da yamma ta yi sai hotuna su fara dishi-dishi. Da na ɗaura 50mm f/1.8, wanda ke shigar da haske kusan ninki goma, na ɗauki 'yar ƙanwata a bakin taga: gashin idonta ɗaya-ɗaya ana ƙirgawa, labulen bayanta kuwa ya narke kamar hazo. Shi ya sa nake cewa a rage kuɗi a jikin kyamara, a tanadi na gilashi. A ƙaramin ɗaki dai 50mm yana matse mutum, sai ka yi ta ja da baya har bango ya tare ka, 35mm ya fi dacewa a nan. Masu Nikon D3500 kuma ku kula, ba ta da injin saita gani a jikinta, don haka tsohon gilashi mai alamar AF-D sai da hannu za ku juya shi. Ku nemi mai AF-S ko AF-P.

Ta hannu ma ina ba da shawarar a saya, muddin za a duba. A nemi sanin adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta, a haska tocila cikin gilashin a ga ko akwai fumfuna mai zare-zare, sannan a ɗauki farin bango a f/16, duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito ɗigo-ɗigo.

Ni kaina yanzu na bar Auto na koma A, wadda Canon ke rubutawa Av, ina zaɓar buɗewar ido da kaina. Ƙanwata ta ɗauki a6000 saboda saurinta, kuma da wannan darasin za mu fara tare.