Asabar a garejin Dattijo

Na ce ba zan koma garejin nan ba sai bayan azumi, sai ga ni can tun ƙarfe tara. Dattijo ya ɗaura injinsa na haɗa harsashi, ƙirar Dillon, a kan benci, ga bokiti cike da kwanson harsashin 9mm da ya tsinto a filin harbi. Nan Texas haɗa harsashi a gida abin sha'awa ne na tsofaffi, kamar kiwon tattabaru.

Yau ya bar mini matakin ƙarshe, matse bakin kwanso. Kafin a zaunar da kan harsashi ana ɗan buɗa bakin, daga baya a mayar da shi. Ni kuwa na ɗauka abin kamar ɗaurin buhu ne, iya matsewarka iya kyansa. Na ƙara wa injin juyi guda ba tare da na tambaya ba. Guda 20 na yi ina jin kaina gwani.

Ya ɗauki ɗaya, ya murza a yatsa, bai ce uffan ba. Ya zare kan, ya miƙo mini. Wani zobe ya kewaye shi, inda tagullar kwanson ta nutse cikin dalmar kan.

"Ka shaƙe shi," in ji shi.

Wai irin wannan lanƙwasawar ta libarba mai juyi ce, kamar .38 Special, don ita kwansonta da gezar gindi yake tsayawa. Amma 9mm da bakinsa yake dogara a cikin bututun bindiga, in ka cusa bakin ciki ya rasa matsaya. Abin da ya fi ba ni haushi: matsewar ma sassauta riƙo take yi, tagulla tana ɗan komowa, dalma kuwa inda ka danne ta nan take zama. In kai ya yi sako-sako zai iya nutsewa ciki lokacin da bindiga ke ɗora shi, wurin albarushi ya ragu, ƙarfin fashewa ya haura. Ya sa ma'auni a bakin wani harsashin da shi ya haɗa, faɗinsa bai wuce inci 0.380 ba, ya jefa shi a bututun da ya cire daga bindiga, harsashin ya faɗa da ɗan ƙara, da ya juya bututun ya zubo da kansa. Nawa 20 duka sai da muka warware.

Uwargida ta yi miyar kuka. Mota har yanzu tana ƙara.

Da la'asar Yaya ya kira daga gida, ya ce ya aka wuni. Na buɗe baki zan ba shi labari, sai ya riga ni da zancen ƙauyen su Inna, wai an sake jin harbi daren jiya, mutane sun kwana a daji. Na dubi hannuna, har lokacin da baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Na ce masa gyaran mota na taya maƙwabci.