Idon da ya girme ni da shekara 40

Ranar da maigidana ya miƙo mini shi, a cikin tsohuwar safa yake, an ɗaure bakinta da roba. Dattijo ne da ya yi shekaru yana ɗaukar hoto a Kano tun zamanin fim, ni kuwa na zo wurinsa ne da girman kan wanda ya saba danna waya ta yi masa komai. Na kwance safar, sai ga ɗan idon kyamara mai jikin alminiyam, bai cika tafin hannu ba, an rubuta Jupiter-3 da haruffan Rasha a bakinsa. Lambar jikinsa ta fara da 56, wato a 1956 aka ƙera shi.

Baba ya ce, "Ka tafi da shi. In ka cinye fim ɗaya ka dawo mu yi magana."

Asalin wannan ido na Jamus ne. Ludwig Bertele ne ya tsara shi wa kamfanin Zeiss a 1932 da sunan Sonnar, don kyamarar Contax. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta kwashe injuna da zane-zanen Zeiss a matsayin diyyar yaƙi, ta ci gaba da ƙera shi da sabon suna. Gilasai 7 ne a cikinsa, an manne su rukuni 3, don a wancan lokaci duk inda gilashi ya haɗu da iska haske kan tarwatse, hoto ya kode. Tazarar da yake tara haske kusan milimita 50 ce, ƙofar haskensa tana buɗewa har f/1.5 (ƙanƙantar lambar, faɗin ƙofar). Hasken da yake sha ya ninka na f/2.8 fiye da sau 3, shi ya sa ake ɗaukar hoto da shi bayan magariba ba tare da filasha ba.

Kyamarar da ya zo da ita, Zorki, ta riga ta mutu. Baba ya nuna mini labulen ƙyallen da ke cikinta, da ɗan rami kamar na allura. Wani yaron shago ne ya bar ta tana kallon rana, ido a buɗe, babu murfi, hasken ya taru ya ƙona ƙyallen. Sai na ɗaura idon a kan wata kyamarar, Canon P, tunda zaren murɗawarsu ɗaya ne, milimita 39.

Irin wannan kyamara ba ta cikin idon ake leƙawa ba. Wata 'yar taga ce daban, a tsakiyarta akwai tabo inda abu yake bayyana biyu, sai ka murɗa har su haɗe su zama ɗaya. In sun haɗe, saiti ya yi. Haka na ɗauka.

Kakata na fara ɗauka, tana zaune a kan tabarma a tsakar gida tana jan carbi, fitilar ƙwai a gefenta. Na matso kamar mita ɗaya, na buɗe ido gaba ɗaya, na haɗa tabon daidai kan ƙwayar idonta. Hoto 36 na fim ɗin, fiye da rabi nata ne. Da aka wanke, raina ya ɓaci ƙwarai. Zanen da ke kan kallabinta ta wajen kunne ya fito tar, ana iya ƙirga zarensa, amma idanunta dishi-dishi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, dukkansu.

Na koma ina cewa idon ya lalace. Baba bai ce uffan ba. Ya aiki yaro wurin telan da ke maƙwabtaka ya aro tef, ya shimfiɗa shi a kan benci, ya tsayar da kwalin ashana a kan wata lamba, ya ce in saita a kan kwalin in ɗauka a f/1.5, da f/2, da f/2.8, da f/4, in rubuta kowanne a takarda. Da fim ya fito, sai ga lambobin da ke bayan kwalin sun fi kwalin fitowa. Nan ya yi mini bayani. A tazarar tara haske, Sobiyet sun bi ma'aunin Contax, milimita 52.4, ita kuwa Canon ma'aunin kyamarar Leica take bi, 51.6. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, daga nesa ba a ganinsa. Amma a nisan mita ɗaya da f/1.5, faɗin wurin da ke fita tsaf bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba, tsakanin ido da kunne kuwa ya fi haka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tagar ba ta yi mini ƙarya ba, idon ma lafiyarsa ƙalau. Ni ne na haɗa abu biyu ban tambayi halin kowanne ba, kuma na kai su gaban wadda ba zan so hotonta ya lalace ba tun kafin in gwada su a kan kwalin ashana. Akwai masu gyara da ke saka siririn zobe a cikin idon don ya dace da kyamarar, amma Baba ya ce kafin nan in koyi ja da baya kaɗan bayan na saita, kamar faɗin yatsa biyu.

Ya kuma hana ni goge shi da bakin riga, don rufin gilashin na da taushi, ƙurar hunturu kuwa tsakuwa ce. Sai a hure da 'yar roba tukuna. Da damina kada ya kwana a jaka, danshi na sa masa fumfuna.

Mako uku bayan haka na koma tsakar gidan da sabon fim. Kaka ta ce, "Kai ba ka gajiya ne?" Na haɗa tabon a kan idonta, na riƙe numfashi, na ja baya yatsa biyu, na danna. A hoto na 11, harshen fitilar ya fito ƙarami a cikin ƙwayar idonta ta hagu, bangon da ke bayanta kuwa ya narke kamar hayaƙi.