Hinari: yadda ma'aikacin lafiya a karkara zai samu maƙalar bincike ba tare da ya biya dala ba

Ɗaliba a makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu, ko malamin asibiti a Jahun, idan suka nemi maƙala kan jijjigar masu ciki a Google, sau da yawa taƙaitaccen bayani kawai za su gani, sai kamfanin ɗab'i ya ce a biya dala talatin ko arba'in kafin a buɗe sauran. Yawanci a nan ake haƙura. Alhali tun watan Janairun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu manyan kamfanonin ɗab'i shida, cikinsu har da Elsevier da Springer da Wiley, suka buɗe shirin Hinari domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallun kiwon lafiya ta intanet kyauta ko da rahusa. Yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, haɗakar irin waɗannan shirye-shirye mai shafinta a intanet, tare da AGORA na harkar noma.

Mutum ɗaya ba ya rajista da sunansa. Ma'aikata ce ke yi: jami'a, makarantar kiwon lafiya, asibitin koyarwa, cibiyar bincike ko ma'aikatar gwamnati. An raba ƙasashe gida biyu. Rukunin A kyauta ne, rukunin B kuma kowace ma'aikata na biyan dala 1,500 a shekara, kuma ana sabunta jerin, don haka a duba matsayin Najeriya kafin a cike fom. Idan aka amince, mai kula da laburare ake aika wa sunan shiga da kalmar sirri. Saboda haka kafin a nemi sabuwar rajista, a fara tambayarsa. Makarantu da dama sun daɗe da yi, kalmar sirrin tana kwance a durowa.

Inda aka fi samun matsala shi ne hanyar shiga. Mutum zai shiga Research4Life lafiya lau, sai ya buɗe wani shafi daban ya koma Google, ya latsa maƙalar daga can. Kamfanin bai san shi ba, sai ya nemi kuɗi, shi kuma ya ce ai Hinari ba ya aiki. Dole sai daga cikin shafin Research4Life za a nemi mujallar, ko a buɗe PubMed, shafin neman maƙalun likitanci, ta mahaɗin da ke ciki, domin ta nan ne ake gane cewa daga ma'aikata mai rajista kake. Idan an bi wannan kuma aka ƙi buɗewa, to wataƙila kamfanin ne bai saka wannan mujallar ga ƙasarmu ba, suna da ikon yin haka. Sai a koma PubMed Central, taskar maƙalun likitanci na kyauta, ko AJOL, taskar mujallun Afirka, inda ake samun binciken da aka yi a Kano da Zariya da Sakkwato, wanda galibi ya fi kusa da marasa lafiyar da ke gabanmu.

Sai batun kalmar sirri. Kada a jefa ta a zauren WhatsApp. Da zarar ta fita wajen ma'aikata, ko aka ga ana kwasar mujalla sukutum (ƙa'ida ita ce kada a wuce kashi 15 cikin ɗari na fitowa ɗaya), ana iya rufe asusun kowa da kowa. Haka kuma a yi rajista da imel na ofis, ba na mutum ba. In ba haka ba, idan aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, da shi sabuwar kalmar sirri za ta tafi.

Wajen nema, da Turanci ake yi, kuma a taƙaita. Mai son sanin maganin rigakafin zazzabin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi tun 2012, ya rubuta "seasonal malaria chemoprevention AND Nigeria", ya zaɓi na shekaru biyar ɗin baya. Doguwar jimla ba ta kawo komai sai tarkace.

Tunda wuta da sabis ba su da tabbas, duk ranar da intanet ta yi ƙarfi a sauke maƙalun, a adana su a kwamfutar laburare bisa cuta-cuta: tamowa, yoyon fitsari, ƙyanda, sanƙarau. A sa wa kowane fayil sunan marubuci da shekara, don kada ɗalibai biyar su ƙona data kan maƙala ɗaya.