'Yan haɗin baki a Alterac Valley: a hasumiya ake karya su

Alterac Valley fagen yaƙi ne a wasan World of Warcraft, inda ɓangarori biyu, Horde da Alliance, ke karawa da mutum 40 kowanne. 'Yan haɗin baki kuwa tun kafin a buɗe ƙofa ake gane su. Ka leƙa jerin sunayen ɗaya ɓangaren, ka ga mutum ashirin ko fiye daga sabar ɗaya, masu warkarwa birjik. A World of Warcraft mutum 5 ne iyakar waɗanda za su shiga layi tare, amma sai su rarrabu biyar-biyar, wani ya yi musu ƙirge a manhajar hira ta Discord, su danna a lokaci guda. Haka za ka tsinci kanka cikin mutum 40 da ba su san juna ba, kuna fuskantar rundunar da ke jin murya ɗaya.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da namu suke yi da zarar sun gan su. Wasu su fice tun ba a fara ba, gara musu hukuncin minti 15 na gudun fage. Sauran kuma su kwasa a guje zuwa tsakiyar fili, wai za a gwada ƙwanji. Da wa? Mai ba su umarni zai kira suna ɗaya, mutum ashirin su rufar wa mai warkarwarmu, kafin ƙiftawar ido ya faɗi, a kira na gaba. Mu kuwa kowa na dukan wanda ya ga dama. Kowace mutuwa maki ɗaya ce daga cikin 600 da aka fara da su, wanda nasa suka ƙare ya sha kaye, kuma a wannan filin muke zubar da su a banza.

Ranar da na ga an karya su, ba a fili aka yi ba. Ina ɓangaren Horde. Sun share mu a tsakiya kamar kullum, sun kashe kyaftin ɗinmu Galvangar, maki 100 sun tafi, sun dasa tuta a hasumiyoyinmu na Iceblood da Tower Point, suka zarce kudu gaba ɗayansu. Mutum ɗaya tak suka bari gadi a Iceblood, shi ma yana can bakin taga yana leƙen ƙasa. Mu uku muka lallaɓa, ni da wasu masu ɓuya biyu (masu iya ɓacewa daga idon abokan gaba) da ban taɓa sani ba. Ɗaya ya rubuta mana, "Ku dakata tukuna." Hasumiya sai ta yi minti 4 a hannunsu kafin ta ƙone ta rage mana maki 75. Muka laɓe a matakala har saura kamar rabin minti, sannan suka sumar da mai gadin, na kama tuta. Nan take ta dawo tamu, ƙirgensu ya koma farko.

Wallahi ban zaci abin da ya biyo baya ba. Rundunar nan da ke tafiya kamar garken shanu bayan makiyayi ta tsaya cak, sannan kusan rabinta ta juyo saboda mutum uku. Ashe ƙarfinsu shi ne kasancewa wuri ɗaya, kuma mai umarni ɗaya ba ya iya kallon wuri huɗu. Ba su isa su taɓa Drek'Thar, janar ɗinmu da kashe shi ke ba su nasara, hankali kwance ba muddin hasumiyoyi na tsaye, don kowacce tana ƙara masa dogari. Suna komowa Iceblood, wasu namu suka ƙwace Tower Point. Namu da ke arewa kuwa suka samu sararin ƙone hasumiyoyinsu na Stonehearth da Icewing ba mai hana su.

Yanzu ko faɗa ba na nema. In su ne ke kan tuta, duka ɗaya ya isa ya katse kamun, don haka na fi son in rayu ina tsokana da in kashe wani. A akwatin hira ma na daina dogon bayani, ba mai karantawa. Sunan hasumiya da adadin masu gadi kawai nake rubutawa, kuma mutum huɗu ko biyar ne za su amsa. Sun wadatar.

Ba kullum ake ci ba, musamman in suka farga suka fara barin mutum biyar a kowace hasumiya. To ko a nan ɗin, ashirin sun bar sahun gaba ke nan, sai a yi faɗan da ya fi kama da adalci. Amma har gobe, ana buɗe ƙofa sai ka ga talatin daga cikinmu sun nufi tsakiyar filin nan a guje, ina rubuta "Iceblood, Iceblood" ba mai waiwayowa.