Wata huɗu ina koyon ɗauri: abin da ke ciki sai an kwance

'Yan'uwana masu koyo, barkanmu da war haka. Na yi alkawarin zan riƙa ba ku labarin inda na kai duk ƙarshen wata, sai ga shi wata biyu sun wuce kun ji ni shiru. Aiki kam ina yi, don na rina ƙyalle goma sha ɗaya a wannan tsakanin. Kunyar nuna su ce ta rufe mini baki, saboda babu ko guda da ya fito yadda na zana shi a takarda.

Ga waɗanda ba su san ni ba, aikin lissafin kuɗi nake yi, shekara goma sha huɗu ke nan. A wurinmu idan naira biyar ta ɓace a ƙasan shafi, ba mai tashi sai an gano inda ta maƙale. Da wannan halin na shigo koyon ɗauri da rini, kuma shi ya fi komai ba ni wuya. Ranar farko da na je wurin Gwaggo, tsohuwar unguwarmu da ke yi wa masu rini ɗauri tun ina yarinya, da rula da fensir da kilina na tafi. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Ke 'yar nan, makaranta za ki buɗe mana?" Ita da yatsa take awo. Ta tsunkuno yadi, ta cusa 'yar tsakuwa, ta naɗe da zare, ta ƙulle, ta wuce gaba, bakinta bai daina hira ba. Kafin in gama auna tazarar ƙulli uku ta yi talatin.

Hikimar ɗaurin ba ta da yawa a faɗa. Inda zare ya matse, rini ba ya shiga, wurin ya tsaya fari. Inda ya saki, rini ya ratsa. Tsakuwa tana ba da zobe, ninki yana ba da layi, in kuma kika bi da allura kika ja zaren ya tattare, sai ki sami zane kamar sawun tsutsa a ƙasa. Matsalar ita ce daga lokacin da kika ƙulle, kin daina ganin aikinki. Ƙyallen ya zama dunƙule mai ƙahonni, ya shiga ruwa, ya fito baƙi ƙirin, kuma ba za ki san abin da kika yi ba sai kin sa reza kin kwance. Ga mai halina, wannan jiran azaba ce.

Ƙyalle na farko ya fito da dabbare-dabbare kamar jikin mai ƙyasbi, don ban wanke yadin ba kafin in ɗaure. Sabon yadi yana zuwa da sitaci daga masana'anta, shi kuwa sitacin yana tare rini. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya, sannan a fara. Na biyu laifin yadin ne: an sayar mini da shi a matsayin auduga zalla, ashe rabinsa roba ce, ya fito fari-fari kamar an sa masa bula. Yanzu kafin in biya sai na zare zare ɗaya daga baki na kunna masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba kuwa narkewa yake, ya dunƙule kamar leda.

Waɗannan biyun ba su dame ni ba, don kowanne yana da dalili, kuma ina son kuskure mai dalili. Na uku ne ya tona ni.

Saboda tsoron kada rini ya ɓulla inda ban so ba, sai na riƙa naɗa zare sau ashirin a inda Gwaggo take naɗa shida, ina ja har yatsuna suka tsage. Na kwana huɗu a kan mayafi guda. Da aka rina na zo kwancewa, zaren ya nutse cikin yadin, babu ta inda reza za ta shiga sai ta taɓa jikin yadin. Huji uku na yi masa da hannuna. Zoben kuma da na sha wahala a kai suka fito farare tas, baki a yanke kamar an buga da hatimi, babu rai ko kaɗan. Na ajiye shi kusa da na Gwaggo, nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba: kyawun nata yana wurin da rinin ya ɗan saci hanya ya shiga, ya bar shuɗi mai haske tsakanin fari da baƙi. Wato abin da na kwana huɗu ina yaƙa, shi ne adon. Garin neman gira na rasa ido. Gwaggo ba ta ce komai ba sai, "A rina, wai an saci zanen mahaukaciya."

Wata Asabar na ɗauki ƙyallaye biyu na tafi marinar Ƙofar Mata da kaina, maimakon in aika yaro kamar yadda na saba. Duk wanda yake Kano yana koyon wannan aiki bai taɓa zama a bakin ramukan nan ba, ya cuci kansa. Masu wurin suna lissafa shekarunta daga 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau ramuka da yawa sun bushe, wasu sun cika da ƙasa. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897 kasuwar ganyen baba ta fara ja da baya a duniya, sannan ga yadin waje mai araha da ya cika Kantin Kwari. Amma waɗanda suka rage suna nan a kan tsarin da suka gada: ruwa, baba, toka da kanwa, a bar su a rami makonni su ruɓa, ana motsawa da dogon itace.

Dattijon da ya karɓi nawa, Baba nake ce masa, sai ya zama Baba yana tsoma mini a baba. Ya fara jiƙa ƙyallen a ruwa, ya tsugunna, ya sa shi cikin ramin a hankali yana murzawa a ƙarƙashi, ba ya bari ruwan ya fantsama. Da ya ɗago sai na ga kore. Kore sosai, irin na gansakuka. Gabana ya faɗi, na ce, "Baba, shuɗi fa na ce." Bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Hajiya, ki bar iska ta yi nata." Ina tsaye ina kallo, koren ya fara juyawa daga gefe-gefe, ya yi duhu, kafin minti biyu ya zama shuɗi.

Daga baya na fahimci abin da ke faruwa. Shuni ba ya narkewa a ruwa haka kawai. Ruɓar da ake bari ya yi a rami ita ke cinye iskar da ke cikin ruwan, sai shunin ya sauya kama ya narke, ya koma kore-kore mai ɗan rawaya, a haka yake iya shiga cikin zaren auduga. Da ya fito ya sha iska sai ya koma asalinsa, ya maƙale a ciki. Shi ya sa ba a fantsama ruwan, kada a shigar masa da iska tun kafin lokaci. Shi ya sa kuma duhun launi ba ya samuwa da daɗewa a ciki kawai, sai da yawan tsomawa da fitarwa, a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake. Ramin ma yana da halinsa. Wanda aka haɗa kwanan nan yana da ƙarfi, wanda ya sha aiki ya gaji, kuma sanyin hunturu yana rage masa kuzari. Na tambayi Baba sau nawa zai tsoma kafin ya kai kalar da nake so, don in rubuta a littafina. Ya ce sai ya gani. Na ce to kamar nawa dai? Ya ce sai ya gani. Mutum ya tsufa a kan sana'a, amma ba zai yi wa rami alkawari ba. Ni mai wata huɗu ce nake son lamba.

Wani abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne zancen turkuɗi, irin wanda aka san garin Kura da shi. Mabuga suna buga masa shuni da guduma ta itace har ya riƙa ƙyalli, kuma in ka sa shi sai ya zuba a fata. A ma'aunina wannan aibi ne, kayan da za a mayar wa mai shi. Amma Buzayen Agadas da kewaye a kansa suke kashe kuɗi, rawani ya rine musu goshi da kumatu, suna alfahari da hakan.

A nan zan ja kunnenmu, kada wani ya ɗauka cewa nake a yi sakaci. Mu da muke gwaji a gida da kalar kasuwa a bokiti, sodar da ake haɗawa da ita tana cin fata, turirinta yana shaƙe mutum. A sa safar hannu ta roba mai kauri, a yi a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, a zuba soda a cikin ruwa ba ruwa a kan soda ba, bokitin kuma kada ya sake komawa kicin. Wannan ɓangaren a auna shi da rula in an ga dama, ni ma har yanzu aunawa nake. Wankin yadi, gwajin ashana, ƙullin da ba zai warware ba, duk a hannunmu suke. An ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Ni kuskurena ban taɓa wuce ɗaurin ba. In na ɗaure sai in koma in duba, in ƙara, in sake dubawa, har raƙumin ya shaƙe.

Akwai abin da na yi ta juyawa ko in faɗa ko in bari. Bari dai in faɗa.

'Yata mai shekara tara ta ga ina yi, ta ce ita ma sai ta yi. Na yanka mata hankici, na ba ta zare da tsakuwa. Ta yi ƙulli bakwai, wani babba wani ƙarami, biyu a manne da juna, ɗaya har yana lilo. Ta ajiye a kan taga ta kwanta tana murna. Ni kuwa na kasa barci. Wajen sha ɗaya na dare na tashi na kwance su duka, na daidaita tazara, na sake ɗaurewa da kyau, ina gaya wa kaina cewa don kada ta ji kunya ne in ya fito. Washegari muka rina, ta kwance da kanta, zobe bakwai suka fito a jere ras. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Umma, wannan ba nawa ba ne." Ta ajiye ta fita. Ko kuka ba ta yi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da daddare na buɗe jakar makarantarta, abin da na saba yi don duba aikin gida. A littafin lissafi na ga shafin da ta goge da kilina har takardar ta huje. Na ƙirga irinsa huɗu. Na san wurin wanda ta koyo. Ni ce nake zama a kanta ina cewa goge, sake, wannan bakwai ɗin ta karkace. Na zauna a bakin gado da littafin a hannu, ina tuna mayafina mai huji uku.

Sai da aka yi kwana goma kafin ta yarda ta sake taɓa zare. Wannan karon na ba ta ƙyalle na shiga kicin na kama gyaran zogale, don hannuna ya sami abin yi. Uku daga cikin ƙullinta sun warware a bokiti, wurin ya rine gaba ɗaya. Ragowar sun ba da wani abu kamar gajimare, gefe ɗaya kuma kamar kan akuya. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya fi na Gwaggo kyau ba, bai fi ba. Amma ta wanke shi da kanta, ta goge, yanzu da shi take naɗe Alƙur'aninta in za ta Islamiyya.

Ni ma na sauya wasu abubuwa. Rula tana cikin durowa. Na koma naɗi shida zuwa takwas, kuma na daina yanke hukunci kan launi yana jiƙe, don in ya bushe yakan yi haske fiye da yadda ya fito. Na ware yadi biyu na alawayyo mai araha na yayyanka ƙanana, kowace Asabar in ɗaure ɗaya cikin minti goma ba tare da zane a takarda ba, in agogo ya cika in tsaya ko ban gama ba. Daga cikin biyar da na yi haka, biyu sun zama tsumman goge kicin, biyu ba yabo ba fallasa, ɗaya kuma maƙwabciyata ta tambaya ko na sayarwa ne. Littafin rubutuna yana nan, amma yanzu bayan an kwance nake rubutawa, abin da ya fito, ba abin da nake so ya fito ba.

Saura babbar jarrabawa. Akwai farar shadda yadi biyar a ƙasan akwatina, tun kafin in fara koyo na saye ta da niyyar ranar da na ƙware. Jiya na fito da ita na wanke, tana kan igiya yanzu haka. Na yi wa Gwaggo maganar wane zane ya dace, ta ce in fara daga tsakiya in ga inda hannu zai kai ni. Yarinyar ta ce a bar mata kusurwa ɗaya, na ce to, kafin bakina ya sami damar cewa wani abu daban. Ranar Asabar in Allah ya kai mu za mu kai wa Baba.