Mako na uku: na gano abin da ke lanƙwasa min ziri

'Yan uwa masu koyo, a makon nan bargon da nake haɗawa bai ƙaru da komai ba, farke-farke kawai na sha. Zirin yadi shida na ɗinke gefe da gefe, kowanne faɗinsa inci 2½. Da na shimfiɗa su a tebur sai na ga sun yi baka, tsakiya ta turo gaba, kai da gindi sun koma baya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don yadin nan na daɗe ina ajiyarsa.

Na fara zargin keken ɗinki, ashe matsalar tun daga ninki ta faro. Yadin auduga faɗinsa inci 42 zuwa 44 ne, sai an ninka shi biyu kafin a yanka. Idan rula ba ta zauna daidai da layin ninkin ba, zirin zai fito kamar lafiyayye, sai ka buɗe shi ka ga ya karye a tsakiya kamar gwiwar hannu. Yanzu nakan riƙe bakin yadin biyu a sama, in riƙa gusar da ɗaya har ninkin ya sauka sumul babu murɗewa, sannan in kwantar. Ina ɗora layin rula a kan ninkin, in datse gefen, in fara yanka. Bayan ziri uku sai in buɗe ɗaya in duba, in sake daidaita gefen, domin rula takan zame kaɗan-kaɗan ba ka sani ba. Wuƙar nan mai taya, irin wadda kamfanin Olfa ya fito da ita a 1979, tana son a tura ta gaba sau ɗaya, tafin hannu na danne da rula. Kai-komo da ita yana cin gefen yadi.

Na biyu, wanda ya fi ba ni mamaki: duk ɗinkin daga kai ɗaya na fara shi. Haƙoran keke da ke ƙarƙashin allura suna jan yadin ƙasa fiye da na sama, ko da ɗan kaɗan ne, kuma zirin da aka yanka a faɗin yadi ya fi na tsawo miƙewa. Ɗinki biyar duk ta fuska ɗaya, sai jan ya taru ya zama baka. Da na sake, na ɗinke su bibbiyu, wajen haɗa su kuma na juya, wannan daga sama, na gaba daga ƙasa. Nakan soka fil a kan da na fara don kada in rikice. Hannuna ma na hana shi ja, rakiya kawai yake yi.

Sai kwatar inci da ake bari a gefen ɗinki. Na yanki ziri uku masu inci 1½ na haɗa. Ya kamata na tsakiya ya fito inci 1 cif, nawa bai kai ba. Idan kowane ɗinki ya ci 1/16 na inci fiye da ƙima, ɗinki 8 ya cinye rabin inci ke nan. Na manna salatif a jikin keke ya zama min jagora, na matso da shi wajen allura kamar kaurin zare ɗaya, saboda kwanciyar yadi ma tana cin nata. Ɗinkin kuma na rage tsawonsa zuwa milimita 2, tunda za a sake yanka shi a gicciye, kada bakin ya warware.

Guga ban gama gane mata ba tukuna. Na daina goga dutsen, ɗorawa nake in ɗaga, in kwantar da haɗin wajen yadi mai duhu, ba tururi. Jiya na auna zirin shida a kai, a tsakiya da gindi, duka inci 12½. Amma na ga wani ɗan ninki ya ɓuya a jikin haɗi na huɗu, da shi zan fara gobe kafin in sa wuƙa.